Ƙwayar da Aka Ƙara wa Inna

Bayan rasuwar mahaifinmu, Inna ta daina magana, abinci ma sai an matsa mata. Na ɗauko ta daga Kalfu zuwa Tawa, likita ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta mata ƙwaya. Da watanni suka wuce ba sauƙi, sai ya ƙara mata ta biyu, mai tsadar da ta fi ƙarfin abin da nake samu da babur a kabu-kabu.

Ta biyun ce ta yi aiki. Wata safiya na tarar da Inna tana dama fura, tana yi wa awakinta faɗa. Awakin nan su muka riƙa kaiwa kasuwa ɗaya bayan ɗaya, don likita ya ce in aka yanke maganin ciwon zai iya dawowa. Abokaina suka tafi Abijan nema, ni kuwa ba wanda zan bar wa ita.

Ranar da aka sayar da akuyar ƙarshe Inna ta ce, "Ɗan nan, bar maganin haka, ai na warke."

Na ce, "To, Inna." Da safe na miƙa mata shi da ruwa, ta haɗiye ba ta dube ni ba.