Ban San Ku Ba

Shekara tara na yi ina koya wa 'yata gaida manya. Ni mai zafi ce a kan wannan, in yaro ya wuce babba bai durƙusa ba sai in wuni raina a ɓace. Tun tana koyon magana na sa mata "ku" a baki. Duk namijin da ya yi sa'an babanta Kawu ne, kuma ba a ƙin amsa gaisuwar babba.

Lokacin ina aiki a wani kamfanin roba a Sharada, muna yin bokitai da butoci. Ba a shiga wajen inji da waya, sai nake barin tawa a gida, tunda malamarsu ta aji huɗu tana turo aikin gida a guruf ɗin iyaye. Yarinyar ta fi ni iya latsa ta, har alfahari nake yi da hakan.

Wata Laraba na tafi da wayar saboda ƙanwata tana asibiti tana naƙuda. Da aka fito hutun sha biyu na karɓo ta wajen masu gadi, sai na ga saƙon murya daga wata lamba da aka ajiye da sunan Kawu. Ba ni na ajiye ta ba.

Muryar namiji ce, a natse, babu gaggawa. "'Yar Kawu, kin tashi lafiya? Yau ne fa. In an tashi ki tsaya a bakin ƙofa, zan zo da adaidaita. Kada ki faɗa wa Mama, mamaki za mu ba ta."

Na ja sama na ga tsofaffin saƙonni. Sati uku suna hira. A guruf ɗin ya tsinci lambar, don kowa aka tura wa hanyar shiga yana iya shiga. Ya ce mata shi abokin babanta ne. Ita kuma, da muryar ladabin nan da ni na koya mata, ta faɗa masa sunan makarantarsu, da ajinta, da lokacin da nake tashi aiki. Duk saƙonta da "ina wuninku" yake farawa.

Ƙarfe ɗaya da rabi ake tashinsu daga makaranta. Na kira malamar sau huɗu, ba ta ɗauka ba, tana aji. Ban nemi izinin oga ba, na fita da rigar aiki a jikina na tare adaidaita. Ba mu yi nisa ba muka tarar tirela ta kafe a mahaɗa, motocin kaya sun jeru ba gaba ba baya. Na sauka na kama gudu, ina ratsawa tsakanin tayoyi, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Tsoro irin na ranar ban taɓa jinsa ba.

Na iso yara suna fitowa. Tana tsaye a bakin ƙofa, jaka a baya, tana leƙen titi. Akwai adaidaita uku a tsallake, ɗaya ta ja ta tafi sa'ad da na damƙi hannunta. Har yau ban sani ba ko shi ne.

"Wa kike jira?" na tambaye ta, da ƙarfin da ya sa iyaye suka waiwayo.

"Kawu," ta ce, idonta ya ciko. "Mama, ba ke kika ce in babba ya gaishe ni in amsa ba?"

Na yi niyyar yi mata faɗa, amma kunya ta kama ni.

Washegari na faɗa wa malamar, ta rufe guruf ɗin ta buɗe sabo, ni kuma na sa wa wayar makulli. Da la'asar na tsayar da yarinyar a tsakar gida, na ce ni ce baƙon, ta nuna min yadda za ta kore ni. Na ƙanƙance murya na ce, "'Yar Kawu, zo mana."

Ta haɗe rai iya ƙarfinta ta ce, "Ban san ku ba." Tana faɗa gwiwoyinta suna lanƙwasawa da kansu, sai da ta durƙusa har ƙasa.

Na ɗago ta na ce mu sake.