Turaren Auna a Hular Maigidana

Ranar da maigidana ya fara shigowa da turaren nan, ina tsakar gida ina tsintar shinkafa. Tun kafin ya yi sallama hancina ya amsa masa. Na ɗago kai na ce, "Malam, yau kuma awaki ka ɗauko daga Auna, ba masara ba?"

Ya yi dariya, ya zura hannu a aljihu ya ciro wata 'yar kwalba da ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba. Ba suna a jikinta, ba takarda, ba komai. Sana'arsa sayen hatsi ce, yana bin kasuwannin ƙauye ya kawo Kontagora. A kasuwar Auna ya haɗu da wani tsoho mai akwatin turare a gindin mangwaro, shi ya tsiyaya masa.

"Ud ne," in ji shi, "irin na Larabawa, amma na talaka. Na ainihin sai masu hannu da shuni."

"In wannan Larabawa ke shafawa, Allah Ya ba matansu haƙuri."

"Ke dai gaggawa gare ki. Ud ba a yanke masa hukunci da safe. Ki bari ya kwanta."

Ina ni ina jiran ya kwanta? Ni da ko ruwan zafi ba na iya jira ya tafasa sai na leƙa tukunya. Kullum ya shafa sai na buɗe taga ina fifita da gefen mayafi, ina cewa garke ya shigo ɗaki. Shi kuma kamar ana zuga shi. Ya ɗiga a yatsa, ya goga bayan kunne, ya goga gemu, sauran ya share a bakin hula, ya fita yana murmushi. Ya ce gwaji yake yi, in ya karɓe shi zai sayi babbar kwalba. Haka muka yi ta yi har damina ta kankama.

A cikin daminar ya rasu. Ciwon ciki ne, ko mako bai cika ba. Da 'yan'uwansa suka zo yi masa sutura suka nemi turare, ƙaninsa ya ga kwalbar a kan taga ya ɗauka, suka juye abin da ya rage a likkafani. Daidai suka yi, nasa ne, shi ya fi cancanta da shi. Kwalbar kuwa ta bi shara, ban ma tuna da ita ba sai da gida ya watse.

Sai takaba. Wanda bai san ni ba ba zai gane azabar da na sha ba. Ni tela ce, ina da shago kusa da kasuwa, na saba kafin hantsi na yi faɗa da mutum uku na shirya da biyu. Yanzu ga ni a ƙunshe, ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba fita sai da larura. Daga ɗaki in tafi madafa, daga madafa in leƙa zaure, in dawo in tsaya ban san abin da na je nema ba. Na sa aka kawo mini keken ɗinki gida, na yi ta karya allura. Na wanke kwanukan da ba su yi datti ba. Masu zuwa gaisuwa suna cewa in yi haƙuri, ni kuwa ji nake kamar in kama hanya in yi ta tafiya har Mashegu a ƙasa.

Wata rana da hantsi ina share bayan ƙofa, tsintsiya ta taɓo wani abu a kan ƙusa ya faɗo. Tsohuwar hularsa ce ta zuwa kasuwa, wadda ta koɗe, wadda na sha cewa ya ba almajiran gareji su goge hannu. An tattara kayansa duka an kulle a akwati ana jiran rabon gado, ita kaɗai ta tsira. Na ɗauka zan kakkaɓe, sai ƙamshin ya buge ni.

Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Turaren nan ne, amma ba yadda na san shi ba. Ya haɗu da zufarsa, da ƙurar buhu, da goron da yake ci. Mutumin ne sukutum, kamar yanzu ya cire ta ya shiga kewaye. Na rungume hula na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Na samo kwanon silba mai murfi na saka ta. Na tambayi matar limaminmu a kaikaice, ta ce shafawa aka hana mai takaba, ba shaƙa ba. To, shi ke nan, na samu aiki. In buɗe, in shaƙa, in rufe, in yi rantsuwa ba zan ƙara ba sai gobe, kafin la'asar na karya. Kuma kowace buɗewa ƙamshin raguwa yake. Na gane da hancina nake cinye shi. Tsoro ya kama ni, domin in ya ƙare, me ya rage mini? Hoto ba ya ƙamshi.

Maƙwabciyata Bakambariya ce, Kirista, tana sayar da doya, kuma takan je Auna ranar kasuwa. Katanga ɗaya ta raba mu, mun shekara da shekaru muna miƙa wa juna gishiri ta samanta. Hajiya take ce mini, alhali ko filin jirgi ban taɓa gani ba. Ita ta kama ni da kai a cikin kwano.

Da na faɗa mata, ta ce, "Hajiya, ai abu mai sauƙi ne. Tsohon nan na san shi. Mene ne sunan turaren?"

"Ba shi da suna."

"To ba ni hular ya shinshina."

Na ƙi. Ta tafi ba hula, ta dawo da yamma tana miƙo mini hannuwa. Tunda ta san ba zan shafa ba, sai ta sa tsohon ya ɗiga mata kala-kala a jikinta: ɗaya a wuyan hannu, ɗaya a gwiwar hannu, ɗaya a bakin zane. Ta shigo motar haya da kaji da buhunan gawayi tun daga Auna. Na bi ta ina shinshinawa kamar akuya ta ga dusa, muka yi dariya har da hawaye. Amma duk sun cakuɗe, ban gane komai ba.

Mako ya zagayo, ban yi barcin kirki ba. Da safe na leƙa ta katanga na miƙa mata kwanon.

"Ki riƙe mini ita kamar jinjiri. Ya shinshina kawai, ya mayar miki da ita."

"Haba Hajiya, ni ce fa."

Ranar ban zauna ba. Na share gidan nan har ƙasa ta fara ciwo. Duk babur da ya tsaya sai na ruga zaure. Ana kiran la'asar ta shigo da murna, fuska kamar gonar auduga.

"An samu! Yana shinshinawa ya ce ya gane, har ya tuna maigidan, ya yi masa addu'a. Ga kwalba, ya ce sadaka ce, ba zai karɓi komai ba."

Na karɓi kwanon, na buɗe. Wari ya daki fuskata, ɗanye, mai kaifi, garken nan na ranar farko. A bakin hular ga tabon mai nan, jiƙe, har ya ratsa ciki.

Kowa ya san halin masu turaren kasuwa. Ba sa sayar maka sai sun shafa maka, a hannu, a kafaɗa, a hula, ko ka so ko ka ƙi. A wurinsu karamci ne. Tsohon ya ji hular mamaci ce da ƙamshi ke gudu daga gare ta, sai ya ga ai gyara zai yi. Ya zage ya shafe ta da kyau. Ita kuma ta tsaya tana yi masa godiya.

"Me kuka yi mini?" na ce. "Me kuka yi mini! Na ce ya shinshina, na ce ya yi mata wanka?"

"Hajiya, ai shi ne turaren…"

"Turaren na aike ki nema, amma mijina ne a cikin hular! Kun kashe mini shi karo na biyu!"

Idonta ya ciko, ta juya ta fita. Na cusa hanci a hular ina neman zufa, ina neman goro, ina neman ƙurar buhu. Babu. Na shanya ta a inuwa, na jira kwanaki, na sake gwadawa. Turare kawai, irin wanda kowa zai iya saya. Na jefa kwalbar ƙasan akwati. Washegari maƙwabciyata ta ɗora mini doya a kan katanga, ni kuma na ɗauka. Da haka muka shirya.

Ranar fitar takaba na yi wanka, na sa sabon ɗinki, ƙannena mata suka kawo humra da turaren wuta. Na ce su ajiye. Na tono kwalbar nan, na ɗiga a yatsa, na goga bayan kunne, sauran na share a bakin mayafi, yadda yake yi. Ƙanwata ta toshe hanci ta ce, "Yaya, lafiya? Wannan ai warin awaki ne."

Na ji bakina ya ce, "Ki bari ya kwanta."

Na fita zagayen gaida dangi, gida-gida, cikin rana, a ƙafa da kan babur. Na yi zufa, an ba ni goro na ci. Na manta ma da na shafa wani abu. Gidan surukata na bari ƙarshe, don shi na fi tsoro. Ta tsufa, idonta ya tafi, kuma maigidana ne ɗanta na fari, wanda saboda kunya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko ranar da ya rasu ba wanda ya ga hawayenta.

Tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta tana jan carbi. Na cire takalmi na matso, na durƙusa, ban kai ga yin sallama ba. Sai na ga carbin ya tsaya. Ta ɗago kai, ta juyo da fuskarta wajena, hancinta yana motsi.

A hankali ta ce, "Kai ne?"

Na ce, "Ni ce, Inna."

Ta ajiye carbin. Sannan ta laluba ta kamo bakin mayafina, ta ja shi zuwa fuskarta da hannu biyu. Ni da ba na iya zama wuri ɗaya, na zauna a nan har aka kira magariba, ba ta saki ba.