Allurar da Ta Daskare

Lokacin da abin ya faru ni tela ce a Wunti, ina da ɗan shagona, gidanmu kuma yana Ƙofar Wambai. Ciwon suga ya kama ni tun ina budurwa, kuma ba irin na tsofaffi ba ne. Likita ya ce garkuwar jikina ce ta juya ta lalata wurin da ke yin insulin, sinadarin da ke daidaita suga, a cikina, saboda haka ni da allura sai mutuwa. Na saba. Da yake ba mu da firji, wutar ma sai ta ga dama, wata nas ta koya mini in ƙulle kwalbar insulin ɗin a leda in tusa ta cikin jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randa. Shekaru ina haka lafiya lau.

Bayan dogon jira Allah ya ba ni ciki, sai iyayi ya motsa. Na fara ganin randa ƙauyanci ce, wai maganin mai ciki a firji ya dace. Kusa da shagona akwai wata mata 'yar kudu mai sayar da ƙanƙara da lemo, mutuniyar kirki, ni nake ɗinka mata kayan zuwa coci. Na roƙe ta ta ajiye mini kwalaben maganin, ta karɓa hannu bibbiyu, ta ce a can ƙasan firiza za ta sa, tsakiyar ƙanƙara, inda ko an ɗauke wuta ba zai huce ba. Har addu'a na yi mata. Da safe in na buɗe shago, da yamma kafin in rufe, sai in karɓo kwalbar ta yi tauri kamar dutse, in murza ta a tafin hannu har ta narke, in ja in yi allurata. Ruwan yana nan yadda na san shi.

Ba a jima ba ƙishirwa ta dawo, ga fitsari, ga amai, ga kasala. Surukata ta ce laulayi ne, cikin namiji haka yake wahalarwa. Na gwada suga na ga ya hau, sai na ɗora wa tuwo laifi, na rage ci, na ƙara yawan allura. Ranar awo ta zo ta wuce ban je ba, ɗinkin Sallah ya yi mini yawa. A kan keken ɗinki na faɗi.

Da na farfaɗo a asibiti aka gaya mini cikin ya tafi. Likita ya tambaye ni inda nake ajiye magani, na amsa da gadara cewa a firiza ne, ba randa ba. Sai ya ce insulin in ya daskare ya mutu, ko ya narke ba ya dawowa, duk kwanakin nan kusan ruwa nake tsira wa kaina. Ban yi kuka a lokacin ba. Kunya ce ta rufe ni.

Maƙwabciyar tawa mai ƙanƙara ta zo dubiya da kular farfesu, tana share hawaye, ta ce kada in damu, sauran kwalaben suna nan ta ƙara danna su cikin ƙanƙara. Na yi mata godiya. Daga baya na sa maigidana ya karɓo ya zubar. Har yau ban gaya mata ba, kuma ba zan gaya mata ba, ni na kai mata.

Abin da na koya shi ne sanyi daban, daskarewa daban, kuma ban tambayi kowa ba kafin in bar abin da ya yi mini aiki shekara da shekaru. 'Yan'uwana masu allura, kada ku canza ma'ajiyar maganinku sai kun tambayi asibiti, kuma in suga ya ƙi sauka ku zargi kwalbar kafin ku zargi tuwo. Ni dai kwalbata ta koma ƙarƙashin randa. Kayan jaririn da na ɗinka kuwa, wata mai ciki ta gan su a shago ta yaba, na naɗe na ba ta.