Ɓerayen da Suka So Hana Ni Ɗauko Jikata

Daminar bana ta zo da ruwa sosai, kuma ni duk shekarar a cikin jira na yi ta, don 'yata ta biyu da ke aure a Gaya tana da cikin fari. Allah ya sauke ta lafiya, aka samu mace. Washegarin suna muka shirya zuwa ɗauko ta da jaririyar wankan jego.

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Gyaɗi-Gyaɗi, ni da maigida da ƙanwarsa. Motar tsohuwa ce, ta yi kusan wata biyu a lulluɓe a ƙofar gida saboda tsadar mai. Ni kuwa farin ciki ya hana ni zama daidai, sai gyara mayafi nake yi.

Ba mu kai Tarauni ba fitilun gaba suka fara wasa. Su kawo, su ɗauke, su sake kawowa, musamman in mun faɗa rami. Wani mai adaidaita da ke tahowa ya zaci gaishe shi muke yi, har ya ɗago mana hannu.

Maigida ya ce, "Ba komai, yanzu gari zai waye."

Na ce, "Malam, tafiyar kam da rana ce. Dawowar fa? Ka san surukai ba za su sake mu ba sai an yi la'asar, kuma jaririya za mu ɗauko."

Da muka iso Unguwa Uku sai ya rage gudu. Ni na karanto allon mai riwaya, wato mai gyaran wayoyin mota. Karatun yaƙi da jahilci ya yi rana. Bai buɗe ba tukuna, sai muka zauna wajen mai koko. Kokon da zafinsa, ga citta, amma ƙosan bana ya ƙanƙance, sai ka ci uku kafin bakinka ya sani.

Mai gyaran dattijo ne mai fara'a. Maigida ya dage ƙwan fitila ne ya ƙone, a canza mu wuce. Mutumin ya ce, "Alhaji, ƙwan da ya mutu ba ya farfaɗowa, kuma biyu ba sa ƙiftawa tare." Ya taɓa kan batir, a ɗaure yake. Ya sa aka kunna fitila, yana bin waya yana girgizawa, har ya zo wani lungu, wuta ta ɗauke. Ya zura hannu ya zaro wani dunƙule: ɓawon gero, kashin ɓera, da tsumman atamfa mai ruwan ganye. A ƙarƙashi ga wayar nan an gwaguye ta, saura 'yan silaye.

Ya ce, "Alhaji, mota ce wannan ko rumbu?"

Na gane atamfar. Da ita na ɗaure bakin buhun geron kunun kanwa da na tanadar wa mai jego. Ɓeraye sun dame ni a ɗakin girki, sai na ga ai mota ƙarfe ce, na ɓoye buhun a but ɗinta na baya ban gaya wa kowa ba. Ashe binsa suka yi, suka tare gaba ɗaya.

Maigida yana ta mamakin inda gero ya fito. Na yi ƙasa da murya na ce, "Malam, ni ce."

Ƙanwarsa ta yi dariya har ta riƙe ƙofa. "Yaya, watanni kana zagin mota, ashe uwargida ce ta zuba 'yan haya!" Mai gyara ya yanke wurin da aka ci, ya haɗa sabuwar waya, ya naɗe da tef, ya sake girgizawa. Wuta ko motsi.

Daga nan hanya ta yi daɗi. Bayan Mariri ko'ina kore shar, dawa ta fi mutum tsawo. A gadar Wudil kogi ya cika ya batse, masu soyayyen kifi suna ta miƙo faranti ta taga. Da tsada, amma na saya wa mai jego. A Gaya aka tare mu da dambu da fura. Da aka ɗora mini jikata a cinya, sai kallon yatsunta nake yi.

Kamar yadda na faɗa, ba a sake mu ba sai yamma liƙis. Mun wuce Wudil magariba ta yi, hadari ya haɗo, ruwa ya kece. Na rungume jaririya cikin zani, idona a kan hasken fitilar nan. Can sai ga babbar mota ta lalace a kan hanya, ba ko alamar wuta a bayanta, sai ganye da aka zuba. Tun daga nesa fitila ta nuna ta, maigida ya kauce a hankali. Sai da muka wuce ya ce, "Gara da kika yi magana da safe." Ƙanwarsa ta ce, "Gara kuma da ta amsa laifinta."

Ana kiran isha'i muka shiga gida lafiya. Na koyi cewa in fitila ta fara ƙiftawa, a tsaya a duba tun da rana, kuma mota ba wurin ajiyar hatsi ba ce.

Da safe, bayan na ɗora ruwan wankan mai jego, na juye sauran geron a tukunyar ƙarfe mai murfi. Sannan na yafa mayafi na shiga gidan maƙwabciyata 'yar kudu, wadda kyanwarta ta haihu, na roƙi ɗa ɗaya.