Bujen Basilia Ya Fara Sharar Ƙasa

A kasuwar garin El Alto kowa ya san Basilia Chambi mai dankali, ba don arha ba, sai don baki. Tun tana budurwa take zaune ƙarƙashin tamfol ɗaya, naɗe da mayafi, hula a ka. Rana ba ta taɓa ganin jikinta ba, sai dai ta ji muryarta.

Shekarar da 'yarta ta sha da ƙyar wajen haihuwa, Basilia ta yi alwashin rawa a bikin cocin unguwarsu. Irin wannan alwashi kuwa shekara uku ne a jere, wanda ya tsinke a tsakiya bai cika ba. Ta farko ta wuce lafiya. Ana shirin ta biyu ta saka bujen rawarta, sai ga shi yana sharar ƙasa. Ta kwashe shi sai wajen ƙanwarta Nicasia, wadda ta ɗinka shi.

"Ke, wa ya ce ki ƙara masa tsawo?"

"Yaya, buje ba ya girma a akwati. Ke ce kika ragu."

"Bakinki ne ya kamata ya ragu."

Nicasia ta rage bujen, sannan ta tasa ƙeyarta zuwa asibiti. Likita ta duba hoton ƙashin, ta ce cikinsa ya zaizaye kamar soso, ƙashin baya ya fara lotsawa, faɗuwa ɗaya na iya karya mata ƙugu. Basilia ta tsorata ƙwarai.

"Bana ki taka a hankali, ban da juyi," in ji likita. "Baɗi kuma, in lotsawar ta ci gaba, babu rawa."

Haka ta yi rawar shekara ta biyu riƙe da hannun Nicasia, tana ta mita. Daga nan ta ɗaura ɗamarar bin shawarwarin likita. Magani ba fashi. Cukun da take yi wa kallon abincin yara ya zama nata, ƙananan kifin tafki kuwa har ƙayarsu take taunewa. Ta daina hawa mota zuwa kasuwa, sai tafiyar ƙafa. Da hantsi ta yaye tamfol, ta naɗe hannun riga, ta zauna a rana.

"Basilia, shanya kanki kike kamar dankali?" in ji maƙwabciyar rumfarta.

"E, ke zauna a inuwa ki ruɓe."

Da biki ya sake zagayowa ta saka bujen a shagon Nicasia, ta tsaya ƙyam, ta kasa kallon ƙasa. Nicasia ta tsuguna da almakashi tana bin bakin bujen da yatsa, ta zagaya shi, ta sake zagayawa.

"Yi magana mana," in ji Basilia.

Nicasia ta ajiye almakashin, idonta ya cika da ƙwalla.

"Ba abin ragewa, Yaya. Yana nan inda na bar shi."

Basilia ta sauke numfashi.

"To me kike jira? Miƙo min hulata."