Rabin Askin Mai Rediyo

Kawuna mai aski ne, kuma har ya fara furfura bai san yana da maƙiya ba sai da aka kafa Jam'iyyar Gabashin Kogi. Ita ta sanar da shi cewa mutanen yammacin kogin garinmu ne suka kwashe asibiti da kwalta da wutar lantarki, suka bar mana sauro. Magani ɗaya ne, a yanke wa gabas yankinta.

Kawu ya ɗauki abin da zafi. Ya cire hotunan samfurin aski ya manna na Shugaban jam'iyyar, wani dillalin filaye mai tumbi. Shagon ya zama hedikwata, don shi ne mai benci biyu da fanka, aka kuma naɗa Kawu Sakataren Wayar da Kai.

Yana da amini, Mai Rediyo, mutumin yamma, wanda tun suna samari yake ƙetarowa aski su yi ta musun ƙwallo. Wata rana Mai Rediyo yana kan kujera, an kwashe masa gefe ɗaya, sai ga Shugaba da 'yan rakiya. Shugaba ya tambaya ko yanzu 'yan yamma hedikwata take yi wa hidima. Kawu, don a ga himma, ya kashe inji, ya zare ƙyallen wuyan amininsa, ya ce ya je yamma a ƙarasa masa. Mai Rediyo ya dubi madubi, ya dubi Kawu, ya fita da rabin kai.

Jam'iyyar ba ta ga damina biyu ba. Da aka yi zaɓe, ko a akwatin ƙuri'a na ƙofar shagon ta uku ta zo. Shugaba ya samu muƙami, ya tare a yamma inda wuta take, Kawu ya tashi da fastoci da kunya. Girman kai rawanin tsiya, shekara da shekaru ya kasa ƙetarawa, alhali kewar amininsa tana cinsa, har musun ƙwallo ya daina.

Sai da ya ji Mai Rediyo ba lafiya ya sa inji a jaka ya tafi. Ya same shi jingine da filo, ya gaishe shi, ya ce ya zo ƙarasa aikin da ya bari. Mai Rediyo ya cire hula. Sanƙo ne tas, ko sili ɗaya babu.

"Ka makara, abokina," in ji shi. "Allah ya ƙarasa maka."

Duk da haka Kawu ya ɗaura masa ƙyallen, ya kunna inji, ya yi ta bin kan a hankali.