Bencin Baya a Wani Ƙauyen Gozaki

Mun tashi da asuba daga Funtua ranar Lahadin da ta wuce, mu uku: ni, da ƙanena, da ɗan marigayi yayanmu, saurayin da ke kaɗa mana piyano a coci. Ba yawon buɗe ido ya fitar da mu ba. Akwai wata budurwa cikin mawaƙan wani ƙauye bayan Gozaki da ke ɗauke da cikin saurayin nan. Ikilisiyarsu ta sa ta a horo, ita kuwa duk tambayar da aka yi mata ta ƙi faɗin mai cikin. Shawarar da ƙanena, baffan yaron, ya yanke ita ce mu shiga sujada kamar baƙi, in an tashi mu lallaɓa gidan ubanta a yi maganar aure a asirce, kowa ya tsira da mutuncinsa. Ni ma ban ƙi ba, don ni na rene shi, kuma ba na son sunansa a bakin matan Funtua.

A tasha kuɗin mota ya wuce yadda na san shi bara. Na yi ta ciniki har direba ya tambaye ni ko motar zan saya. Daga Bakori zuwa Ƙarfi ko'ina kaka ce: masara a shanye a bakin kwalta, dawa ta sunkuyar da kai, auduga ta fara fari. Na sayi ƙosai ta taga, baffan ya cinye nasa ya haɗa da na yaron, don shi tun daga gida ko ruwa ya kasa haɗiya. Wannan fa shi ne wanda a gida sai an ɓoye masa tukunya.

A Malumfashi muka canja mota zuwa Gozaki, daga nan sai acaɓa. Wanda ya ɗauke ni Musulmi ne, amma ya san lokacin sujadarsu sarai. Ya ce in riƙe da kyau, sun kusa buga ƙararrawa. Ƙararrawar kuwa tsohon ƙarfen tayar mota ne rataye a jikin ɗorawa.

Cocin ginin ƙasa ne da rufin kwano. Aka karɓe mu hannu bibbiyu, aka kai mu sahun gaba, har da kujerun roba. Da na waiga sai na ga budurwar. Can kusa da ƙofa akwai benci guda da aka ɗan ware, shi ne bencin horo: wanda ke kansa ba ya shiga mawaƙa, ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasar tarayya ta masu bi, sai ranar da dattawa suka maido shi. Tana zaune a tsakiyarsa ita kaɗai, ta ja mayafi ta rufe cikin, leɓɓanta na bin waƙar ba sauti. Raina ya ɓaci, na kuma rasa da wa nake fushi.

Faston bai ja wa'azi ba. Ya ce aure alkawari ne a gaban Allah, kwanciya kuma ta cikin aure ce, ga namiji da mace duka. Koyarwa ce da nake ji tun ina yarinya, kuma na yarda da ita. Abin da ban taɓa tsayawa na tambaya ba shi ne me ya sa duk shekaruna a coci, mata kawai nake gani a irin wancan benci. Amsar ba wuya: ciki ba ya fitowa a jikin namiji.

Da aka zo gabatar da baƙi, baffan ya miƙe ya ce gaisuwa muka kawo daga Funtua. Sai yaron ma ya miƙe. Na ja gefen rigarsa, ya ce a hankali, "Goggo, ki yi haƙuri." Sannan ya juya ga jama'a.

"Ni ban cancanci kujerar gaba ba. Cikin nan nawa ne. Wurina yana can baya."

Ya bi ta tsakiyar coci ya nufi ƙofa. Ita ba ta ɗago kai ba. Ta dai ɗauke Littafinta Mai Tsarki daga kan bencin ta ɗora a cinya, ta matsa masa.

Bayan an tashi muka je gidan ubanta, manomi ne mai ƙarancin magana. Aka kawo tuwon masara da miyar kuɓewa, yaron ya ci kamar wanda ya dawo daga huɗa. Dattijon ya gaya wa baffan cewa da ta bayan gida muka biyo, da ruwa kawai za mu sha mu koma. Yanzu kam a turo magabata bayan girbi. Faston ma bai ɓoye mana ba: zai sanar da namu faston, horon zai bi yaron har Funtua, piyano sai wani ya kaɗa, biki kuma babu farar riga.

Mun iso gida da magariba. A bakin ƙofa baffan ya dafa kafaɗar yaron ya wuce. Na tafi ne don in rufa asiri, na dawo na gane cewa dokar da muke karanta wa 'ya'yanmu mata ba ta taɓa cire maza ba, mu muka cire su. Lahadi mai zuwa zai zauna a bencin baya na cocinmu, inda duk mai shigowa zai gan shi. Kunya kam ina jin ta, ba zan yi ƙarya ba. Amma na riga na gaya wa matan zumuntar cocinmu kada su ajiye mini wuri a gaba.